Ƙananan kamfanonin giya: Wane kaso suke da shi a kasuwa?

A ƙasar Amurka akwai ƙananan kamfanonin yin giya fiye da 9,000, amma duka-duka abin da suke samarwa bai wuce kimanin kashi 13 cikin 100 na giyar da ake sha a ƙasar ba. Sauran kason yana hannun wasu 'yan tsirarun manyan kamfanoni ne, da kuma giyar da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje.

Wannan rata da ke tsakanin yawan kamfanonin da kuma yawan abin da suke sayarwa ita ce babban abin lura ga duk mai son sanin matsayinsu a kasuwa. Haka lamarin yake a Birtaniya da Jamus. A nahiyar Afirka kuwa batun ya sha bamban, domin giyar da ake dafawa a cikin unguwa tana da yawa, amma ba ta shiga cikin alƙaluman hukuma.

Ko da yake addinin Musulunci ya haramta giya, kuma fiye da rabin baligan duniya ba sa shanta kamar yadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna, harkar tana shafar harajin da gwamnatoci ke tarawa, da kasuwar hatsin manoma, da kuma nauyin da ke kan asibitoci.

Wane ne ƙaramin kamfani?

Turawa na kiran irin wannan giya da suna craft beer, wato giyar sana'ar hannu. Ana nufin giyar da wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa ya sarrafa, saɓanin wadda manyan masana'antu ke fitarwa iri ɗaya a ƙasashe da dama.

Babu wata ma'ana guda da duniya ta amince da ita. Wadda aka fi amfani da ita ita ce ta ƙungiyar ƙananan kamfanonin giya ta Amurka, wato Brewers Association, mai hedikwata a jihar Colorado.

Ƙungiyar ta gindaya manyan sharuɗɗa biyu. Na farko, kada abin da kamfani ke samarwa a shekara ya wuce ganga miliyan 6. Gangar giya ɗaya a ma'aunin Amurka tana ɗaukar kimanin lita 117. Na biyu, kada hannun jarin da wani babban kamfanin barasa ya mallaka a cikinsa ya kai kashi 25 cikin 100.

Ganga miliyan 6 dai ta kai kusan lita miliyan 700, don haka masu suka ke cewa an yi wa kalmar ƙarami faɗi da yawa. A da iyakar ganga miliyan 2 ce, amma a ƙarshen shekarar 2010 ƙungiyar ta ɗaga ta, a daidai lokacin da kamfanin Boston Beer, mai yin giyar Samuel Adams, ke dab da tsallake tsohuwar iyakar.

A shekarar 2014 ma an sake sassauta sharuɗɗan, abin da ya ba kamfanin Yuengling na jihar Pennsylvania damar shiga sahu. An kafa wannan kamfani tun a 1829, kuma shi ne mafi tsufa a ƙasar. Da shigarsa ya ɗare matsayi na ɗaya a jerin.

Ke nan duk lokacin da aka taɓa ma'anar, kason yakan motsa ko da mashaya ba su sauya abin da suke sha ba.

Tarihin lamarin a Amurka

A ƙarni na 19 kusan kowane gari a Amurka yana da nasa gidan yin giya, domin babu firji, kuma babu hanyoyin sufuri masu sauri. A shekarar 1873 adadin kamfanonin ya kai 4,131.

Zuwan jiragen ƙasa masu ɗakunan sanyi, da fasahar ɗumama giya don kashe ƙwayoyin da ke lalata ta, ya ba wasu kamfanoni damar aika hajarsu zuwa wurare masu nisa. Daga nan ne ƙanana suka fara durƙushewa.

Sai kuma dokar haramta sarrafawa da sayar da barasa a duk faɗin ƙasar, wadda ta yi aiki daga watan Janairun 1920 zuwa watan Disambar 1933. Da yawa daga cikin kamfanonin da suka rufe a lokacin ba su sake buɗewa ba. Waɗanda suka dawo kuma suka riƙa haɗiye junansu, ta yadda zuwa ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin da suka rage ba su kai 100 ba.

Farfaɗowar ƙananan kamfanonin ta soma ne daga jihar California. A 1965 wani matashi mai suna Fritz Maytag ya sayi kamfanin Anchor na birnin San Francisco, wanda ke gab da rushewa. A 1976 Jack McAuliffe ya kafa New Albion a garin Sonoma da kayan aikin da ya haɗa da hannunsa. Kamfanin nasa bai yi tsawon rai ba, amma ya nuna wa wasu hanya.

A watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sanya hannu kan dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa don amfanin kansa. Da dama daga cikin waɗanda suka kafa kamfanoni daga baya a nan suka koyi aikin, ciki har da Ken Grossman na kamfanin Sierra Nevada, wanda ya fara aiki a 1980. Jihohin Mississippi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince da dafa giya a gida, a shekarar 2013.

Gagarumar bunƙasar ta zo ne bayan 2010. A wannan shekara kason ƙananan kamfanonin kimanin kashi 5 ne cikin 100. Zuwa 2014 ya kai kashi 11. Ganin haka ƙungiyarsu ta ɗauri aniyar kai wa kashi 20 a shekarar 2020. Ba a cimma wannan buri ba, domin kason ya tsaya a tsakanin kashi 12 zuwa 13 na tsawon shekaru.

Ma'auni uku, amsa uku

Amsar tambayar ko nawa ne kason ƙananan kamfanoni ta danganta ga ma'aunin da aka ɗauka.

Ma'auni na farko shi ne yawan lita. A nan ne ake samun kashi 13 ɗin da aka ambata, kuma kusan haka yake a shekarun 2023 da 2024.

Na biyu shi ne kuɗi. Idan aka duba abin da mashaya ke kashewa, kason ƙananan kamfanonin Amurka ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wato kimanin dala miliyan dubu 29 a shekara. Dalili kuwa shi ne giyarsu ta fi tsada. Suna sayen kayan haɗi kaɗan-kaɗan, suna ɗaukar ma'aikata da yawa idan aka kwatanta da abin da suke fitarwa, sannan suna sayar da wani ɓangare kai tsaye ga mashaya ba tare da dillali ba.

Na uku, wanda jami'an kiwon lafiya suka fi damuwa da shi, shi ne ƙarfin barasar da ke ciki. Giyar manyan kamfanoni yawanci tana ɗauke da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na barasa. Nau'in da ake kira IPA, wanda ya fi kowane karɓuwa a wurin ƙananan kamfanoni, yakan kai kashi 6 zuwa 7, wasu nau'o'in ma suna haura kashi 10.

A lissafin hukumomin lafiya na Amurka, sha ɗaya shi ne mililita 355 na giya mai kashi 5, wanda ke ɗauke da giram 14 na tsantsar barasa. Saboda haka mutumin da ya sha gwangwani ɗaya mai kashi 10 daidai yake da wanda ya sha biyu, ko da yake a lissafin lita ɗaya aka rubuta masa.

Ƙarami daban, na gida daban

Wani abin da ke rikita lissafin shi ne ɗaukar kowane ƙaramin kamfani a matsayin na unguwa. Kamfanoni irin su Sierra Nevada da Boston Beer suna sayar da giyarsu a kusan dukkan jihohin Amurka, wasu lokuta dubban kilomitoci daga inda aka yi ta.

Ƙungiyar Brewers Association ta kasa mambobinta gida-gida. Akwai kamfanonin yanki, masu samar da fiye da ganga 15,000 a shekara. Akwai waɗanda ba su kai haka ba amma suna kai yawancin hajarsu kantuna. Akwai gidajen abinci masu dafa tasu giyar. Akwai kuma masu sayar da wani babban kaso a mashayar da ke harabar masana'antarsu.

Kamfanonin yanki 'yan ɗaruruwa ne kacal, amma su ke samar da fiye da rabin giyar da ake lasaftawa a matsayin ta ƙananan kamfanoni. Dubban da suka rage su ke raba sauran. Wannan na nufin cewa giyar da aka dafa aka kuma sha a gari ɗaya ba ta kai ko kusa da kashi 13 ɗin ba, duk da cewa akasarin Amurkawa na zaune ne a tazarar da ba ta wuce mil 10 ba daga wani kamfanin giya.

Bugu da ƙari, kayan haɗin kansu ba na gida ba ne. Ana yin giya ne da ruwa, da sha'ir da aka tsirar aka busar, da yis, da kuma wani fure mai ɗaci da ake kira hops. Kusan dukkan furen da ake nomawa a Amurka yana fitowa ne daga jihohi uku na arewa maso yamma, wato Washington da Oregon da Idaho. Ƙaramin kamfanin da ke gabashin ƙasar daga can yake saye, kamar yadda babba yake yi.

Haka kuma kason ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Jihar Vermont ta daɗe tana kan gaba wajen yawan kamfanoni idan aka kwatanta da yawan jama'a, yayin da jihohin kudu, inda majami'u masu ƙyamar barasa ke da ƙarfi, suke a baya. Har yanzu akwai ƙananan hukumomi a yankin da suka hana sayar da barasa.

Martanin manyan kamfanoni

A daidai lokacin da ƙananan kamfanoni ke ƙaruwa, manyan kuma suna ƙara dunƙulewa. A 2008 kamfanin InBev mai hedikwata a Beljiyam ya sayi Anheuser-Busch na Amurka a kan dala miliyan dubu 52. A 2016 sabon kamfanin, AB InBev, ya haɗiye SABMiller a kan kuɗin da ya haura dala miliyan dubu 100. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na giyar duniya daga wannan kamfani guda take fitowa.

Dabarar da manyan suka bi ita ce sayen waɗanda suka yi fice a cikin ƙananan. AB InBev ya sayi Goose Island na birnin Chicago a 2011. A 2015 kamfanin Constellation ya biya dala miliyan dubu ɗaya ya mallaki Ballast Point na birnin San Diego. A wannan shekara Heineken na ƙasar Holan ya sayi rabin Lagunitas, ya kuma ƙarasa sayen sauran a 2017.

Bayan cinikin akan bar sunan giyar da tambarinta yadda suke, don haka mai saye ba ya gane cewa kamfanin ya sauya hannu. Amma a lissafin ƙungiya, duk kamfanin da aka saya ya fita daga sahu tare da dukkan gangunansa. Wannan na daga cikin dalilan da suka hana kason haurawa.

Don magance ruɗanin, a 2017 ƙungiyar ta ɓullo da wata alama mai hoton kwalba a kife, wadda kamfanoni masu zaman kansu ne kawai ke da izinin mannawa.

Akwai kuma batun rarraba kaya. Tun bayan janye dokar haramci a 1933, yawancin jihohi suka raba harkar gida uku: mai sarrafawa, da dillali, da mai sayarwa. Dillalan da suka fi ƙarfi suna da alaƙa ta kut-da-kut da manyan kamfanoni, don haka samun gurbi a motar dillali da kan kantar babban shago shi ne babban ƙalubalen ƙaramin kamfani.

Inda gwamnati ke tallafa musu shi ne haraji. Ƙaramin kamfani na biyan gwamnatin tarayya dala 3 da rabi a kan kowace ganga cikin ganguna 60,000 na farko, alhali kuɗin da manya ke biya ya kai dala 16 zuwa 18. An fara wannan rangwame ne da dokar haraji ta 2017, aka kuma mayar da shi na dindindin a ƙarshen 2020.

Birtaniya da Jamus

A Birtaniya yunƙurin ya fara ne daga ɓangaren mashaya. A 1971 aka kafa ƙungiyar CAMRA don nuna adawa da yadda manyan kamfanoni shida suka mamaye kasuwa da gidajen shan giya.

Abin da ya kawo sauyi na zahiri shi ne kasafin kuɗin 2002, inda ministan kuɗi na lokacin, Gordon Brown, ya rage rabin haraji ga kamfanonin da ba sa wuce lita 500,000 a shekara. Daga 'yan ɗaruruwa, adadin kamfanonin ya tashi zuwa kusan 2,000 kafin annobar korona. A watan Agustan 2023 aka sauya tsarin zuwa wanda ke la'akari da ƙarfin barasa.

Duk da wannan yawa, kason kamfanoni masu zaman kansu bai kai kashi 10 cikin 100 na kasuwar Birtaniya ba. A nan ma manyan sun yi saye: Camden Town ya koma hannun AB InBev a 2015, Beavertown kuma ya zama mallakin Heineken baki ɗaya a 2022. Gidajen shan giya da yawa suna ƙarƙashin yarjejeniyar da ta ɗaure su ga sayen haja daga wuri guda.

Jamus kuwa tarihinta daban ne, domin ƙananan gidajen yin giya ba su taɓa ɓacewa a can ba. Ƙasar na da kamfanoni kusan 1,500, kuma kimanin 600 daga ciki suna jihar Bavariya. A yankin Frankoniya na arewacin jihar har gobe akwai ƙauyukan da iyali guda ke riƙe da gidan giya tun kaka da kakanni, kuma ba a samun giyarsu idan an yi nisa da ƙauyen.

A Bavariyar ce aka kafa dokar tsarkin giya ta 1516, wadda ta taƙaita kayan haɗi ga ruwa da sha'ir da furen hops. Masu goyon bayanta na ganin ta kare inganci, yayin da wasu sababbin kamfanoni ke kukan ta ɗaure musu hannu.

Sai dai ko a Jamus, yawancin litocin daga manyan masana'antu suke fitowa. Abin da ya fi damun kamfanonin ƙasar, manya da ƙanana, shi ne raguwar shan giyar gaba ɗaya: daga kimanin lita 150 ga kowane mutum a shekara a tsakiyar shekarun 1970, zuwa ƙasa da lita 90 a 2024.

Afirka: giyar da ba a lissafawa

Idan ana batun giyar da ake dafawa kaɗan-kaɗan ana kuma sha a inda aka yi ta, to Afirka ta riga Amurka da ɗaruruwan shekaru. A Najeriya akwai burukutu, musamman a jihohin Filato da Binuwai da Taraba da Adamawa da kudancin Kaduna. A arewacin Ghana akwai fito, a Burkina Faso da Mali akwai dolo, a arewacin Kamaru da kudancin Chadi akwai bilbil, a Habasha kuma akwai tella. A ƙasar Hausa ma an san Maguzawa da amfani da giyar dawa a bukukuwansu.

Hanyar yinta kusan ɗaya ce. Ana jiƙa dawa ko gero har ya tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a bar ruwan ya yi tsami ya tashi. Tun da ba a tace ta sosai, kuma ba a kashe ƙwayoyin da ke cikinta, cikin 'yan kwanaki take lalacewa. Wannan ne ya sa ba ta tafiya nesa. Mata ne ke riƙe da sana'ar a kusan ko'ina, kuma da ita da yawa suke ciyar da iyali.

Irin wannan giya ba ta da rajista, ba ta biyan harajin masana'anta, don haka ba ta fitowa a alƙaluman kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana sanya ta cikin rukunin barasar da ba a rubuta ba. A rahotonta na 2018 hukumar ta ƙiyasta cewa wannan rukuni ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan barasar da ake sha a duniya, kuma kason ya fi haka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai babban bambanci tsakanin wannan da abin da ke faruwa a ƙasashen Yamma. A can masu hali ne ke biyan kuɗi mai yawa don su sha giyar ƙaramin kamfani. A Afirka kuwa arha ce ke kai talaka ga giyar gargajiya, kuma da zarar aljihu ya yi nauyi sai ya koma ga ta kwalba.

Manyan kamfanoni sun fahimci haka, shi ya sa suka ɗauki matan da ke dafa giya a matsayin abokan hamayyarsu na gaske. A Uganda an fito da giyar Eagle ta dawa a 2002, a Kenya aka fito da Senator Keg a 2004, a Mozambik kuma aka fito da Impala ta rogo a 2011. Dukkansu an yi su ne da arha, tare da rangwamen haraji daga gwamnatoci, don janyo masu shan ta gargajiya.

Rashin sa ido a kan giyar gida yana da haɗarinsa. A watan Janairun 2015 mutane fiye da 70 suka mutu a garin Chitima na Mozambik bayan sun sha giyar gargajiya a wurin wata jana'iza. Bincike ya gano cewa wata guba ce da ƙwayar cuta ta haifar a cikin garin masarar da aka yi amfani da shi.

Halin da ake ciki a Najeriya

Kasuwar giyar kwalba a Najeriya tana hannun kamfanoni uku ne. Akwai Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946 ya kuma fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, kuma Heineken ke da mafi yawan hannun jarinsa. Akwai Guinness Nigeria, wanda kamfanin Diageo na Birtaniya ya sayar wa Tolaram kasonsa a ciki a 2024. Sai kuma International Breweries, reshen AB InBev.

Ƙananan kamfanoni irin na ƙasashen Yamma ba su da yawa. Wanda aka fi sani shi ne Bature, wanda ya fara aiki a Abuja a 2017 kafin ya koma Legas. Abokan cinikin irin waɗannan kamfanoni masu hali ne na manyan birane da baƙi 'yan ƙasashen waje, kuma kasonsu a kasuwa bai taka kara ya karya ba.

Inda harkar ta shafi arewacin ƙasar kai tsaye shi ne noma. A 1988, zamanin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, an hana shigo da tsirarren sha'ir daga waje. Dole ta sa kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Tun daga lokacin dawar da ake nomawa a arewa ta zama muhimmin kayan haɗi, ba ga giya kaɗai ba, har da lemukan malt marasa barasa da kamfanonin ke yi.

A ɗaya hannun kuma, jihohi 12 na arewa sun ƙaddamar da shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara da ta fara aiwatarwa a watan Janairun 2000. A Kano hukumar Hisba takan farfasa kwalaben giyar da ta kama. Wannan ya sha janyo muhawara kan rabon harajin kayayyaki na VAT, musamman a 2021 lokacin da jihar Ribas ta nemi ta riƙa karɓar nata da kanta.

Batun lafiya

Wasu mashaya na ɗaukar giyar ƙananan kamfanoni a matsayin wadda ta fi lafiya, saboda an ce ta fi tsafta ko ba a yi mata gauraye ba. Sai dai sinadarin da ke sa maye iri ɗaya ne, ko daga ina giyar ta fito.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya danganta mutuwar mutane miliyan 2 da dubu 600 a shekarar 2019 da shan barasa, kuma kimanin miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Tun a 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. A farkon 2023 kuma hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Ina aka dosa?

Alamu na nuna cewa zamanin bunƙasa cikin sauri ya wuce. A 2024 ƙananan kamfanonin da suka rufe a Amurka sun fi waɗanda aka buɗe yawa, karo na farko tun 2005. Shi kansa kamfanin Anchor, wanda ya share fagen farfaɗowar, ya dakatar da aiki a 2023, shekaru shida bayan Sapporo na Japan ya saye shi.

Wasu manyan kamfanonin ma sun fara sakin abin da suka saya. Constellation ya rabu da Ballast Point a 2019, yayin da AB InBev ya sayar da wasu sunaye takwas a 2023.

Dalilan sun haɗa da tsadar sha'ir da gwangwani da kuɗin haya, da gogayya daga wasu nau'o'in abin sha, da kuma raguwar masu sha. Ƙuri'ar jin ra'ayi da cibiyar Gallup ta gudanar a 2025 ta nuna cewa kashi 54 cikin 100 na baligan Amurka ne suka ce suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara yin tambayar a 1939.

Ɓangaren da ke ci gaba da haɓaka shi ne na giya marar barasa, wadda a Jamus kasonta ya kusa kai kashi 10 cikin 100 na kasuwa.

A ƙasashen Yamma dai ƙananan kamfanonin sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma manyan ne ke riƙe da kusan kashi tara cikin goma na abin da ake sha. A Afirka kuwa, muddin ba a fara ƙidaya giyar da ake dafawa a unguwanni ba, hukumomin haraji da na lafiya za su ci gaba da tsara manufofinsu ne a kan wani ɓangare kawai na abin da jama'a ke sha.